Wayar da Na Ara wa Ofishin Manjo

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, wasu ko an tuna mini ba na kawo su, amma akwai wata Litinin ta tsakiyar bazara da ta ƙi fita raina. Da aka ce in rubuta wani abu saboda ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, na fara da labarin zafi da rashin wuta, sai na ga kewaye kawai nake yi. Wannan ne labarin da ya kamata ku ji. Ban taɓa ba da shi a ofis ba.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne. Ina aiki a wani shiri na taimakon manoma a nan cikin Sakkwato, ba sai na faɗi sunansa ba, an daɗe da rufe shi. Aikin shirin shi ne rajistar manoman karkara, kowa da ƙauyensa da girman gonarsa da abin da yake nomawa, gero ko dawa ko shinkafar fadama, sannan kafin damina a raba musu iri bisa wannan rajista. An ɗauke ni a matsayin mai shara, mataki na ɗaya. Ga wanda bai san tsarin ba, babu wani mataki a ƙasa da wannan. Mijina lodin dutse yake yi a Kalambaina kafin ciwon baya ya kwantar da shi, ga 'ya'ya huɗu, saboda haka aikin nan shi ne tukunyar gidanmu. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, na shiga ina goye da ɗana na uku.

Ɗakin na'ura yana can ƙarshen baranda, ba taga, esi biyu ne ke sanyaya shi. A ciki akwai wata doguwar na'ura kamar kabad na ƙarfe, cike da faya-fayan ajiya. Duk sunayen manoman nan a cikinta suke, shi ya sa ma'aikata suka sa mata suna Rumbu. Mai kula da ita Injiniya Sahabi ne, saurayin magidanci da bai wuce shekara talatin ba, mai yawan raha, ba ya son kowa ya shiga ɗakin da takalmi. Ni kaɗai ya yarda in riƙa shiga, da farko don shara. Wata rana ya ga na rubuta sunana a takardar shiga da fita, ya ɗaga takardar ya duba.

"Inna Kulu, wanga rubutun naki na?"

Na ce nawa ne.

"To daga yau kin samu ƙarin aiki ba ƙarin girma. Nawa rubutun ni kaina sai na yi addu'a nike karanta shi."

Haka na zama mai rubuta sunayen wayoyi. Kowace waya da ta shiga ɗakin sai na yanko 'yar farar takarda, na rubuta inda ta fito, na naɗa mata da salatif. Daga nan ya ba ni littafin ɗaki, ina rubuta zafin ɗakin safe da yamma, da duk abin da aka taɓa.

Bari in yi bayanin yadda aka haɗa Rumbu, don labarin ba ya fita sai da shi. Kai biyu gare ta, wato na'urori biyu masu sarrafa faya-fayan, ɗaya a kan ɗaya. Kowane kai yana da raminsa na waya a baya. Wayar kai na ɗaya tana tafiya zuwa wani akwatin rarraba layi da ake ce wa suwic, wayar kai na biyu kuma zuwa wani suwic ɗin daban a ƙasansa, don kada abu ɗaya ya kashe su tare. Kowane suwic rami takwas ne, kuma daga nan wayoyin akawuna masu shigar da sunaye suke tashi. Ranar da Injiniya ya saita ramukan ina tsaye kusa da shi. Kowane rami yana da lambarsa, ni nake karanto masa daga littafi yana bugawa, sannan ya karanto mini daga allo ina bi da yatsa. Akwai kuma lamba guda ta musamman wadda kwamfutocin akawuna suka sani. Kai na ɗaya ne ke riƙe da ita. Tsakanin kawunan biyu akwai wata gajeriyar waya da suke jin motsin juna ta cikinta. Idan na biyu ya daina jin na ɗaya, sai ya ɗauki lambar nan da faya-fayan, ya ci gaba da amsa wa akawuna ta tasa wayar. Wannan shi ne karɓar aiki.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar muna gwaji. Injiniya zai kashe kai na ɗaya, ni kuma in ƙirga a fili. Kafin in kai talatin na biyu ya karɓa. Sai ya leƙa baranda ya tambayi akawuna ko akwai wanda aikinsa ya tsaya, su ce babu, in rubuta a littafi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban san amfanin wayar kai na biyu ba. Na sani.

A shekarar aka kawo wani Manjo ya shugabanci shirin. Ba mugu ba ne, amma magana ɗaya yake yi, kuma a lokacin takarda guda daga teburinsa ta isa ta raba mutum da aikinsa, ba inda za ka kai ƙara. Ana saura kamar wata guda a fara rabon iri, aka tura Injiniya kwas na mako biyu a Legas. Kwana uku da tafiyarsa aka kawo wa Manjo sabuwar kwamfuta. Masu haɗawa suka ja waya daga ofishinsa har ƙofar ɗakinmu, suka tafi. Sai ga Sajan, dogarin Manjo, riƙe da bakin wayar.

"Mama, buɗe. Oga yana son a sa wannan yanzu."

Na ce, "Sajan, ramukan duk a cike suke. Ka yi haƙuri Injiniya shi dawo."

"In koma in ce wa Oga ya jira mako biyu? Ke za ki je ki faɗa masa?"

Na buɗe. Ya shigo da takalminsa. Muka tsaya gaban suwic biyun. Kowane rami yana da 'yar fitila kore, duk suna ƙyaftawa saboda akawuna na ta aiki. Guda ɗaya ce kawai take kunne shiru, ba ta motsi. Sajan ya nuna ta.

"Wannan fa? Ai barci take yi."

Na karanta takardar da na naɗa mata da hannuna: KAI NA BIYU. Na duba sauran. Duk wadda na cire, a cikin minti ɗaya wani akawu zai taso yana faɗa, maganar ta kai ofishin Manjo. Wannan kuwa ba wanda zai ji. Shekara guda cur kai na ɗaya bai taɓa tsayawa don kansa ba. A unguwarmu idan kina da turmi biyu maƙwabciya ta aiko, ba kya cewa na ajiya ne, bayarwa kike yi a dawo miki da shi. Da wannan tunanin na cire ta. Na ce a raina aro ne, kwana goma sha ɗaya, Injiniya na dawowa in faɗa masa ya san yadda zai yi. Na naɗe wayar da kyau, na ɗaure ta da zare, na rataye ta a bayan kabad. Na sa ta Manjo a ramin, fitila ta kama kore. Na yanko takarda na rubuta OFIS MANJO na naɗa mata, kamar yadda aka koya mini. A littafin ɗaki kuwa ban rubuta ba. Na ɗauki biro, na ajiye. Ban so a ga rubuce cewa mai shara ta taɓa waya.

Injiniya ya dawo ranar Laraba da tsarabar atamfa gare ni. Yana murna, yana ba ni labarin cunkoson motoci, na ji kunyar ɓata masa rai. Na ce gobe Alhamis, wajen gwaji zan faɗa. Da safen Alhamis takarda ta fito daga Manjo cewa kada a kashe ko a taɓa komai a ɗakin na'ura har sai an gama rabon iri. Injiniya ya je ya yi bayani cewa gwajin shi ne kariyar, ya dawo fuska ba daɗi.

"Mi ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce abin da ke aiki ba a kashe shi don a ga ko yana aiki. Inna, ki rubuta: ba gwaji, bisa umurni."

Na rubuta. Ya kalli suwic biyun daga gaba, fitilu goma sha shida duk kore, ya fita. A nan ya kamata in kira shi. Ina ganin bayansa har ya kai ƙofa. Na ce bari ransa ya huce. Washegari matarsa ba ta da lafiya, cikinta ya tsufa, hankalinsa na gida. Mako ya zagayo. Daga nan abin ya canza kama: ba cire wayar kaɗai zan faɗa ba, har da shirun mako guda. Kowace safiya ina share ƙarƙashin wayar nan da ke rataye, kowace safiya faɗin yana ƙara nauyi.

Ranar Litinin ɗin da za a fara rabo, tun da hantsi harabar ta cika. Manyan motoci da aka aro daga wani wuri na yini ɗaya suna tsaye da buhunan iri. Masu unguwanni da wakilan manoma sun zo daga nesa, suna zaune a inuwar dogon yaro. An riga an yi yayyafin farko a wasu wurare, kowa sauri yake yi. Tsarin shi ne a buga wa kowane ƙauye jerin sunayensa daga Rumbu, wakili ya sa hannu, sannan a loda masa. Ba jeri, ba lodi.

Injiniya ya shigo da sassafe ya duba komai. Esi ɗaya ya lalace tun Asabar, ɗakin da ɗumi. Wajen ƙarfe takwas maƙwabcinsa ya zo ya ce naƙuda ta kama matarsa, an tafi da ita asibiti. Ya kamata ya cike takardar izinin fita, amma mai sa hannu yana wajen motoci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Inna, awa ɗaya in dawo. In wani abu ya faru kada ki ji tsoro, na biyu na nan. Ƙirga kawai."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi sauke ta lahiya."

Ƙarfe tara da 'yan mintuna Rumbu ta yi wani ƙara da ban saba ji ba, fitilar kai na ɗaya ta koma ja. Daga baya aka gano fankar cikinsa ce ta tsaya, zafi ya kashe shi. Na fara ƙirga. Ina ashirin da biyu fitilar kai na biyu ta nuna ya karɓa. Ya yi aikinsa daidai. Sunayen duk suna nan lafiya a hannunsa, amma hanyar da zai miƙa su ga akawuna tana rataye a bayan kabad, ɗaure da zarena.

Akawuna suka fara leƙowa. Sai Sajan, sai Manjo da kansa. Bai taɓa shiga ɗakin ba sai ranar.

"Ina injiniyan?"

"Ranka shi daɗe, ya kai iyalinsa asibiti."

"Da izinin wa?"

Bai jira amsa ba, ya juya ya dubi Rumbu.

"An ce mini na'urar nan ba ta tsayawa. An ce idan ɗaya ya mutu ɗaya zai tashi. Wani ya taɓa wani abu a nan?"

Taku uku ne tsakanina da wayar. In kwance zare, in cire ta Manjo, in mayar da ita, shi ke nan. Na dubi Sajan. Yana kallon silin kamar an rubuta wani abu a can. Na tuna mijina a kwance, na tuna babbar 'yata da ke shirin jarrabawa. Na kuma ce wa kaina, idan na mayar bai yi ba fa, na tona kaina a banza. Wannan ƙarya ce na yi wa kaina, don na san zai yi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, sai Injiniya ya zo."

Aka tura direba neman sa. Lokacin ba wayar hannu, kuma an mayar da matar wani asibitin daban saboda haihuwar ta zo da gardama. Awa huɗu ana nema. Awa huɗun nan ina zaune a kan kujerar roba cikin ɗakin, ni kaɗai mafi yawan lokaci. Ba wanda zai gan ni in na tashi na mayar. Amma na riga na ce ban da abin yi, in Rumbu ta tashi haka kawai za a tambayi yadda aka yi. Ina jin hayaniyar mutane a waje tana ƙaruwa, daga baya ta ragu. Bayan azahar motocin suka fara tafiya da kayansu, don ana jiransu a wani wuri.

Injiniya ya shigo da gudu, ko takalmi bai cire ba. Ya duba allo, ya ce, "Ai ya karɓa." Ya duba suwic na ƙasa, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ta Manjo. Ya karanta takardar. Ya san rubutun. Ya durƙusa ya leƙa bayan kabad, ya ga wayar a naɗe, ya ga ɗaurin. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce. Sannan ya ɓare takardar da farce, ya sa ta a aljihu, ya kwance zaren, ya sauya wayoyin. Ko minti biyar ba a yi ba na ji na'urar buga takarda ta tashi a ofishin akawuna.

Manjo ya dawo ya tambayi abin da ya faru.

"Yallaɓai, wayar kai na biyu ba ta cikin raminta."

"Wa ya cire ta?"

"Ɗakin nan a hannuna yake, yallaɓai. Ni ya kamata in gani."

Ba wanda ya lura kwamfutar Manjo ta rasa layi. Da na shiga share ofishinsa washegari, na same ta lulluɓe da ƙyallenta, ƙura ta kwanta a kai.

An ba Injiniya takardar tuhuma, ya amsa cikin kwana ɗaya kamar yadda doka ta ce. Aka kafa kwamitin mutum uku. Laifi biyu aka ɗora masa: barin aiki ba izini a ranar rabo, da sakaci da na'ura. Sun kira ni. Suka tambaye ni wa ke riƙe da makulli, na ce ni da shi. Suka tambaya ko ina kulle ɗakin kullum, na ce ina kullewa. Suka duba littafi ba su ga komai ba. Shugaban kwamitin ya ce, "Baiwar Allah, je ki, wannan ba layinki ba ne." Na tashi na fita. Duk abin da na faɗa musu gaskiya ne, kuma na san abin da nake yi.

Ranar sunan ɗansa takardar sallama ta same shi. Sai da aka ƙara fiye da mako kafin a sake samun motoci, wasu ƙauyukan sun shuka abin da suka samu, ba su jira ba. Na je barka da 'yar atamfa da sabulu. Ya fito ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi jikin maigidana. Na dawo gida ban faɗi komai ba.

Na ci gaba da aiki. Sabon injiniya da aka kawo ya ga na san ɗakin, ya rubuta a ƙara mini girma. Da shirin ya rufe aka mayar da ni wani ofis, a can na zama mai kula da ɗakin na'ura sosai, har na yi ritaya. Shi kuwa Injiniya Sahabi, takardar sallama irin ta wancan zamani ba ta barin mutum ya sake samun aiki irin nasa. Na ji ya je Zamfara, ya dawo, ya buɗe shagon gyaran rediyo da kwamfuta kusa da Ƙofar Taramniya. Ina bin wata hanyar don kada in wuce ta gabansa.

Sai bayan shekara tara, mijina ya rasu, Injiniya Sahabi ya zo ta'aziyya. Bayan kwana arba'in na je shagon. Yana zaune da tabarau, furfura ta fara fito masa, yana like wani abu da dalma.

"A'a, Inna Kulu. Rediyo ta lalace ko zumunci na?"

Na zauna a benci na faɗa masa komai, tun daga zuwan Sajan har awa huɗun nan. Ya ajiye abin hannunsa ya saurara har na gama.

"Cire wayar na sani tun ranar," in ji shi. "Na'urar ma ta rubuta gargaɗi tun ranar da kika cire, yana nan cikin rajistarta, ni ban karanta ba. Wannan nawa na. Amma ban san kin gane gyaran ba. Na ɗauka tsoro ya rufe miki ido."

"Na gane, Injiniya."

Wani ya leƙo da fanka a hannu, Injiniya ya ce masa ya dawo anjima.

"Da kin mayar da ita da ƙarfe tara, da ba wanda za a kora," ya ce a hankali. "Da faɗa kawai za a yi."

Na ce na sani. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ce ɗiya huɗu ba wasa ba ne, ya aika a sayo mini lemo. Na sha don kada ya ji ba daɗi.

Ku da ke wannan aiki yanzu, na'urorinku sun fi namu nesa ba kusa ba, amma na ga har yau ana haɗa su bibbiyu, kuma har yau ta biyun shiru take zaune. Ita ce kullum za a zo a ce ku ara, don ita ce ba mai kuka a kanta. Kada ku bayar, ko wa ya aiko. Idan an fi ƙarfinku kun bayar, ku rubuta a ranar, da sunanku. Idan an hana ku gwaji, ku zagaya bayan kabad ku bi kowace waya da hannu, kore a gaba ba shaida ba ce. Ku manya kuma, ku sani ƙaramin ma'aikaci yakan ga abin da ba ku gani ba, tsoron abincinsa ne ke rufe masa baki. Ku sa faɗin kuskure ya yi masa sauƙi tun yana ɗan ƙarami.

Abin da ya fi wannan duka, idan aka tsaya a ɗaki aka tambaya wa ya taɓa, ku amsa a ranar. Ni na kai tawa amsar bayan shekara tara. Ya karɓe ta hannu biyu, ya raka ni har bakin titi, sannan ya koma ya zauna gyaran fankar mutane.